Kawu Bulus da Gwaggo Mai Ƙamshin Daddawa

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Bulus a cikinku ya san ba hannu yake fara kamawa ba, ciki yake dafawa. Kana miƙa hannu zai ɗora tafinsa a kan cibiyarka ya ce, "Ja numfashi." Ka ja. Ya girgiza kai. "Kai dai Allah ne kawai ke riƙe da kai. Numfashin kaza kake yi." Ya yi wa Fasto, ya yi wa likitan da ke duba masa hawan jini. Mata kuwa daga nesa yake nuna su da sukudireba. Ga maƙwabcinmu Baba Isiyaku nan zaune, ya rantse Kawu ya taɓa yi wa nasa kafil, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rahila, 'yar ƙanwarsa Saratu. An ce in yi magana yau da ya cika shekara da rasuwa, wai don ni na fi kowa shan wahala a hannunsa. Ban musa ba.

A nan Doha gyaran AC yake yi, amma idan ka kira shi makaniki ba zai waiwayo ba. Banmasta yake amsawa, don shi ne shugaban masu busa na cocinmu a Kagoro kafin ya fito. Ranar da ya sauka a gidanmu na unguwar Mansura, Mama na jiran akwati, sai ga mutum rungume da ƙaton ƙahon nan da ake kira tuba, duk ya lotsa, an naɗe shi da bargo biyu an cusa a jakar bakko.

Mama ta ce, "Yaya, ina kayanka?"

Ya ce, "Suna cikin Gwaggo."

Sunan ƙahon ke nan, Gwaggo. Ya zura hannu a bakinta ya yi ta fito da kaya: wando biyu, singileti, kuka, yaji, sai daddawa ƙulli bakwai. "Ga fili Allah ya ba mu kyauta, sai in biya kuɗin akwati?" Jama'a, har gobe idan na busa ƙasa sosai sai ɗaki ya ɗauki ƙamshin miyar kuka. Na wanke ta da sabulu, na wanke ta da lemun tsami, ina!

Shi ya koya mini busa tun ina firamare. Da na kai shekara sha shida, sai malamar kiɗa ta makarantarmu ta ce wata ƙungiyar kiɗa ta matasa za ta yi gwajin ɗaukar sababbi, irin ƙungiyar nan da ake zama rututu da goge da sarewa ana bin sandan mutum ɗaya. Kujerar tuba guda ɗaya ce tak. Mama kuwa ta riga ta gaji. Mai gidan da muke haya ya kawo ƙara sau biyu, ita kuma tana dawowa daga aikin asibiti ba ta samun barci. Ta tara mu ta yanke hukunci: "Idan suka ɗauke ki, to, ki je can ki dame su. Idan ba su ɗauke ki ba, khalas, shi ke nan, Gwaggo ta koma Kagoro, ke kuma ki kama littafi." Duk wanda ya san Mama ya san ba ta faɗa sau biyu. Na shiga bayi na yi kuka.

Kawu ya ce horo ya fara. Ya kai ni saman bene, tsakanin tankunan ruwa da injinan AC, ya ce in yi maci.

Na ce, "Kawu, a can a zaune ake busawa."

"A zaune? Asibiti ne? Mu da muka raka gawa daga coci har maƙabarta muna hawa dutse, ba wanda ya ajiye ƙaho! Yalla, maza, hagu, dama!"

Haka na yi ta zagaya tanki da la'asar, zafin Doha na dafa ni, shi yana bina da agogo. Zai ce in riƙe murya ɗaya har sai ya gama ɓare lemu, kuma wallahi Kawu ba ya sauri wajen ɓare lemu. Rannan Baba Isiyaku ya hauro da tawul a wuya ya ce, "Banmasta, don Allah, na ɗauka jirgin ruwa ne ya shigo Mansura." Kawu ya washe baki ya juyo gare ni. "Kin ji? Yau kin fara busa."

Man shafa wa maɓallan ƙaho kuma ya ce damfara ce, kwalba kamar ɗan yatsa. Man keken ɗinkin Mama ya dinga sata. Da Mama ta kama shi ya ce, "Saratu, ƙarfe ƙarfe ne. Keken ya yi ƙara?"

Rigimar gaske ta zo ne ranar da na kawo takardar kiɗan gwajin. Kawu bai karanta rubutun kiɗan Turawa, do-re-mi ɗinsa ya sani, kamar kowane ɗan kwaya na gida. Ya ɗora yatsa a tsakiyar shafi.

"Wannan baƙin sandan fa?"

"Shiru ne, Kawu. Mai piyano zai ci gaba, ni in ƙirga har ashirin da huɗu, sannan in shigo."

Ya cire gilashi. "Ke! Ki rungumi ƙarfe mai nauyin akuya, ki zauna kina kallon mutane? A Kagoro idan mai bes, mai busa babban ƙaho, ya yi shiru, ruwa ake yayyafa masa, don an san suma ya yi. Wanda ya rubuta wannan biro ne ya ƙare masa."

Ya zaro jan biro ya cike wurin tas: do, so, do, so, ya ƙare da so, la, ti. Na yi magiya, malamata ta kira shi a waya, ya saurare ta da ladabi, ya ajiye ya ce, "Baiwar Allah, tana da kirki, amma daga muryarta kin san ba ta da iska." Wata guda ina busa masa nasa a saman bene. Na asalin kuwa a zuci nake yi, a cikin jirgin ƙasa na Metro, da wata takarda da na ɓoye a littafin lissafi.

Ranar gwaji ya ce ba za a ɗauki tasi ba, Gwaggo ba amarya ba ce. A tashar Metro ta Mushairib wani ma'aikaci ya tambaya cikin ladabi mene ne a jakar. Maimakon ya buɗe, Kawu ya ce, "Rahila, gaishe shi." Na ce na shiga uku. Na busa sau ɗaya. Wata mata ta saki ledarta, yara suka ɓuya bayan ubansu, ma'aikacin ya yi ta dariya yana cewa mu wuce, mu wuce.

A wurin gwajin aka ce iyaye su tsaya a waje. Na shiga na tarar da alƙalai uku: wata Baturiya mai furfura, wani Bamisire mai tumbi, da wani da bai ɗago kai ba. Na fara lafiya. Aka zo wurin shirun, na sauke ƙaho na fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Wajen tara sai Baturiyar ta ɗaga hanci tana sunsuna iska, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Na san me take ji. Kunya ta kama ni, ƙirga ta tsere daga kaina. Sha ɗaya nake, ko sha huɗu? Na hango Gwaggo a jirgin Kagoro.

Sai na ji ta bayan ƙofa: "Pom. Pom. Pom. Pom."

Kawu ne! Ya kasa kunne, ya ji piyano babu bes, ya tabbata na suma, ya kama yi da bakinsa. Do, so, do, so, yana ƙara murya. Kafaɗun mai piyano suka fara rawa don dariya. Ni kuwa wata guda ina busa wannan shirmen, na san shi kamar sunana. Da na ji so, la, ti, na ja iska tun daga cibiya na shigo daidai, ko gashi bai ratsa ba. Muryar ƙarshe kuma na riƙe ta har Bamisiren ya duba agogo. Lemu ɗaya bai ma kai ba.

Baturiyar ta tashi ta buɗe ƙofa. Ga Kawu a durƙushe, kumatu a kumbure. Ya miƙe ya gyara kwala ya ce, "Madam, an manta da bes a takardarku. Na ɗan taimaka." Sannan ya leƙa ya hango Bamisiren, ya nuna tumbinsa. "Wannan yana da wurin ajiya, amma ba ya amfani da shi."

Bayan mako guda saƙo ya zo, sun ba ni kujerar. Mama ta yi guɗa har Baba Isiyaku ya fito. Kawu ya karanta, ya taɓe baki ya ce, "Da nawa kika busa musu, da kujera biyu za su ba ki."

Bai ga wasanmu na farko ba. Saura mako uku ya faɗi a wurin aiki. Da na je asibiti na same shi da robar iska a hanci. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan cikinsa, yana tashi kaɗan kaɗan. Ya ce, "Kin gani, Rahila? Yau ni ne kazar." Na yi dariya, na yi kuka, shi ya ce in daina ɓarnar iska.

Ranar wasan, a tsakiyar kiɗa, akwai wurin da tuba take shiru har sittin. Na sauke Gwaggo na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ban ɓata ba. Amma kunnena na bakin ƙofa, kuma babu wanda ya ce pom. Ban taɓa jin kewar mutum kamar a cikin sittin ɗin nan ba.

Ya Ubangiji, kai ka ba shi numfashi, kai ka karɓa. Ka gafarta masa, ka ba shi hutawa a wurinka. Idan kuma akwai inda aka rubuta shiru a can, ka yi haƙuri da shi, ba zai iya ba. Amin.