Ranar da Babana Ya Ɗauki Jakar Kakana

Bayan benen da nake haya a unguwar Bin Mahmud, nan Doha, akwai gareji. Duk ranar da baƙin mai ya zube, bakanike sai ya ɗebo yashi a shebur ya watsa a kai. Maƙwabtana toshe hanci suke yi idan za su wuce. Ni kuwa rage tafiya nake yi, don wannan warin na yashi da baƙin mai shi ne warin tafin ƙafar kakana.

Kada ka yi mamaki. A garinmu na masu haƙar kuza, filin golf ɗin da Turawa suka kafa ba shi da lallausar ciyawa a bakin rami irin wadda kake gani a talabijin. Yashi ake tankaɗewa, a kwaɓa da baƙin mai, a shimfiɗa, a ja buhu a kai ya kwanta. Nan kakana ya girma. Shekara goma sha biyu yana dakon sanduna, yana bin Bature da jaka a kafaɗa, bakinsa a rufe, idonsa a buɗe. Idan fili ya watse sai ya zaro wata sanda da ya lanƙwasa daga rodi ya gwada abin da ya gani. Shekarar da aka fara barin baƙar fata su shiga gasa, shi ya ci, kuma ba takalmi a ƙafarsa. Ya sake ci, ya kuma sakewa, har abin ya zama sana'arsa, ya koma shi ke koya wa iyayen gidansa na da. Kofin farko ta tagar kicin aka miƙo masa, don ba a yarda ya shiga falon kulob ba. Kakata ta juya kofin ta ce abu ba murfi, ta sa shi a ƙarshen jeren kwanukanta tana ajiye allura da zare.

Babana shi ne ɗansa na fari, kuma shi ne shugaban makarantar firamaren unguwarmu. Tun yana yaro aka addabe shi da “ɗan mai dakon Turawa”, abin ya zauna masa a rai. A sashenmu ba a maganar golf. Ga kuma kunyar ɗan fari a tsakaninsu: ban taɓa jin kakana ya faɗi sunansa ba, sai dai ya ce “na makaranta”. Duk maganar da za su yi, ta bakin kakata take bi.

Ni kuwa amaryar kakana ce, haka yake kirana. Nakan ce ba zan auri tsohon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin ƙwallo kamar ƙwan zabo a daji ba, shi kuma ya ce dama sadakina bai wuce ƙulli-ƙuli biyu ba. Ina da shekara goma yanar ido ta gama rufe masa gani. Haske yake gani da inuwa, shi ke nan.

A ƙarshen daminar wannan shekarar, masara ta nuna, ƙasa ba ta gama bushewa ba, takarda ta zo daga kulob. Tuni ya koma hannun 'yan ƙasa, suna so su karrama kakana, kuma suna so ya buga ramin ƙarshe a gaban baƙi. Babana ya aika kakata ta gaya masa: idan ya kai duka ya sari iska, garin nan zai yi ta dariya har jikokinmu.

“Ki ce wa na makaranta ƙwallon ba gudu take yi ba,” in ji kakana. “Inda aka ajiye ta, nan take.”

Da babana ya ga ba zai hana shi ba, sai ya ɓullo ta wata hanya. Ya ɗinka masa babbar riga ta shadda, aka ba ta sitaci har tana iya tsayawa ita kaɗai, ya sayo takalmi sau-ciki da doguwar hula. Wa zai ɗaga sanda a cikin wannan? Dole ya zauna a kujera kamar kowane dattijo, a yi masa jawabi, mu dawo gida da mutuncinmu. Ba zan ɓoye maka ba, ina bayan babana. Tsoro nake ji, don ina son tsohon nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Ran taron kakana ya sa kayan. Ya zauna aka gama jawabai. Da aka kira shi ya miƙe, a gaban manyan gari da matansu, ya kama wuyan babbar rigar ya cire ta ta ka. Ya tuɓe takalmin, ya saura daga shi sai 'yar shara da wando. Wani ma'aikacin kulob ya matso da jakar sanduna zai raka shi, kakana ya ɗaga masa hannu.

“Ina na makaranta?”

Na kalli babana. Yana sanye da kwat, malaman makarantarsa biyu suna gefensa. Sannan ya cire kwat ɗin ya ɗora mini a cinya, ya je ya saɓa jakar a kafaɗa. Ya kalli tutar ramin da ke can nesa, ya tsinki ciyawa ya saki, ya zaro sanda ɗaya ba tare da ya duba sauran ba.

“Taku ɗari da arba'in, Baba. Iska daga hagu, kaɗan.”

Ashe ya sani. Ashe duk ƙuruciyarsa a bayan tsohon ya yi ta, yana tsinto masa ƙwallaye. Ya kama kafaɗun ubansa ya daidaita shi, karo na farko da na ga hannunsa a jikinsa. Kakana ya murza ƙafa a ƙasa, ya kai duka. Ƙarar kaɗai ta gaya masa ya samu, don kafin kowa ya tafa ya riga ya miƙa sandar baya.

Ƙwallon ta sauka a gefen yashin. Kakana ya taka daga ita zuwa rami a hankali, ya dawo, yana sauraron gangaren da tafin ƙafarsa. Babana ya tsaya a bakin ramin yana ƙwanƙwasa ƙarfen tutar don ya ji inda yake. Bugu na farko ta tsaya saura taƙi guda. Na biyu ta faɗa. Rannan ta ƙofar gaba suka shiga falon, shi ba takalmi, babana da jaka a bayansa.

Yanzu ina aikin jinya a Doha. A nan an shuka ciyawa shar a tsakiyar hamada don wannan wasan, kuma yanar da ta makantar da kakana ana cire ta kafin shayi ya huce. Bara yanar ta kama babana, na kawo shi asibiti a nan. Likitan ya tambaya ko mahaifinsa ya yi irin ciwon, ko a rana ya yi aiki. Don in taƙaita, na ce da Turanci kakana ɗan wasa ne, zakara.

Babana ya dafa hannuna. Turancinsa ya fi nawa, amma da Hausa ya yi magana.

“Ba haka aka fara ba. Gaya masa duka, ki fara daga dakon.”