Tsohon Malami da Allon Gilashi

Ina shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata firamare da ke kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni aka aiko mana da kwamfutocin hannu guda uku, da farantin sola na yi musu caji. Yara suka sa musu suna allon gilashi, sunan kuma ya bi su. Ni aka tura Isa kwas na kwana uku, don ni ne ƙarami cikin malamai. Da na dawo sai hedimasta ya ɗora mini koya wa sauran.

Kowa ya karɓa ban da malamin aji shida. Dattijo ne dogo, mutumin Tozai, wanda shi ya koyar da hedimastanmu ma tun yana ɗan aji ɗaya. Baba Malam muke ce masa. Idan ya shiga aji ba ya buɗe littafi, da ka yake zuba darasi, kuma in ya kama tarihin Alkalawa, tsohon birnin Gobir, har masu wucewa gona sukan tsaya bakin taga. Amma ya daina rubutu a allo, kuma duk littafin da ya duba sai ka ga bakwai bisa goma. Ni dai na ɗauka gajiya ce ta mai jiran ritaya.

Sau uku ina kai masa allon gilashin yana ture hannuna.

"Kai wa yara 'yan'uwanka," in ji shi. "Wagga aba ba tawa ba ce."

Abin ya ci mini rai. Wata rana a ofis, ban san yana tsaye bakin ƙofa ba, na ce akwai waɗanda ba su son ci gaba, ba su kuma barin wasu su yi. Sai ga shi ya shigo. Ya ɗauki allinsa ya fita. Hedimasta ya dube ni, ya girgiza kai.

Bayan kamar mako biyu, an tashi makaranta, na koma ɗaukar makullin babur da na manta. Ta tagar aji shida na hango shi shi kaɗai. Ya riƙe littafin wata ɗaliba dab da hancinsa, yana karkata shi wajen haske, yana matse ido. Ya daɗe a haka, sannan ya lalubi ƙasan shafin ya sa maki. Na so in juya, sai takalmina ya yi ƙara.

"Shigo, Malam ƙarami. Ai ka riga ka gani."

Na shiga na zauna kan bencin yara. Ya ce shekara biyu ke nan rubutu yana guje masa, kamar ana hura masa hayaƙi a ido. Mutane yana gane su da tafiyarsu da muryarsu, amma baƙaƙen boko sun zama ƙura. Ya ɓoye ne don tsoron kada a sallame shi kafin lokacinsa ya cika.

"Mi za ni yi da allonka, ni da ban ganin na bango?"

Kunya ta rufe ni, na rasa ta inda zan fara ba shi haƙuri. Sai kawai na ciro allon daga jaka, na ɗauki hoton shafin da ke gabansa, na sa yatsu biyu na buɗa shi har kowane harafi ya kai girman ɗan yatsa. Na ƙara hasken, na miƙa masa.

Ya karɓa da hannu biyu. Leɓɓansa suka fara motsi. Na zaci zai yi murna, sai na ga fuskarsa ta canza. Littafin na wata yarinya ce 'yar makiyaya da ke zama a layin gaba, mai saurin amsa tambaya da baki. Ashe rubutunta a hargitse yake, tana juya haruffa, tana haɗiye rabin kalma. Shi kuwa zango biyu yana ba ta bakwai.

"Na cuci yarinyar ga," ya faɗa a hankali. "Ita tana ganin ta iya."

Ya sa na ɗauko sauran littattafan. Har la'asar muna nan, ina ɗaukar hoto yana karantawa. A cikinsu ya ware tara.

Daga ranar muka shiga wani tsari da ba wanda ya sani sai hedimasta. Kullum bayan tashi nakan tsaya rabin awa. Hannunsa ya saba da alli da fartanya, in ya taɓa gilashin sai ya danna da ƙarfi, hoton ya gudu, ya yi tsaki. Ya fi wata guda kafin ya iya ɗaukar hoto ba tare da yatsansa ya rufe rabinsa ba. Amma bai taɓa fashi ba. Yaran nan tara kuwa ya mayar da su farkon karatu, yana zama da su gindin dalbejiya lokacin hutun tara.

Da rani ya tsananta, iyayen yarinyar suka tashi da shanunsu neman ruwa wajen iyaka. Baba Malam ya sa na kai shi rugar a babur kafin su tafi. Ya roƙi uban ya riƙa ba ta wayarsa ko sau biyu a mako. Uban ya ce inda za su sabis sai an hau tudu. Baba Malam ya ce to a hau. Haka aka yi. Yakan aika saƙon murya, ya karanto mata jimla biyar, ita kuma ta rubuta, a ɗauko hoto a turo. Wani lokaci sai an kwana huɗu hoton bai iso ba, wani lokaci ya zo da kofaton saniya a gefe. Baba Malam ya buɗa shi, ya gyara, ya sake aikawa da murya, yana kiran kowane harafi da ta juya.

Da damina suka dawo. Ba ta zama ta ɗaya ba, amma ta rubuta shafi guda cur da kowa zai iya karantawa. Ya ba ta shida, ya ce wannan shidan nata ne na gaskiya.

Ya yi ritaya a ƙarshen shekarar da ta biyo. 'Ya'yansa suka kai shi Sakkwato aka yi masa aikin yanar ido, na dama ya buɗe, na hagu bai yi ba. Na je gaishe shi a Tozai na tarar da shi a gona yana cirar gero. A nan ne na samu bakin ba shi haƙuri kan maganar da na yi a ofis. Ya ce ya ji zafinta a lokacin, amma ya daɗe da yafewa. Sannan ya nuna mini kunya biyu da suka rage, ya ce in tuɓe takalmi in kama masa kafin rana ta yi zafi.