Baba Sallama, Mai Tsaron Sama

Tun kafin ɗalibai su gama shan shayi, Malam Shu'aibu ya sauka daga keke daga unguwar Rikkos, ya ɗaura jan ƙyallensa a sanda a filin bayan sashen safiyo, wato awon ƙasa, yana kallon inda iska ta nufa. A wata ƙaramar jami'a da ke gefen Jos yake aiki, shi ke kula da ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da ɗalibai ke ɗaukar hoton ƙasa da su. In ƙyallen ya miƙe, to yau ba tashi, ko da kuwa waye ya roƙa.

Amma abin da ya ja masa suna shi ne wata doka tasa. Bayan katangar makarantar gidajen mutane ne, jirgin kuwa ido gare shi. Saboda haka duk mai son tashin jirgi, sai ya taka da ƙafarsa, gida-gida, ya yi sallama ya sanar.

"Haba oga, inji ne fa!" in ji wata ɗaliba, Ifesinachi, ran da ya fara tura ta.

"Inji ne, amma ke za ki kalli hoton," in ji shi. "Mata na tsakar gida ba mayafi. A gidanku ana faɗo muku ta sama?"

Daga nan suka laƙaba masa Baba Sallama. Don Allah kar a ce yabo ne. Dariya ce, har da manya ake yin ta.

Ranar bikin yaye ɗalibai, wani mai hoto da aka ɗauko daga waje ya ɗaga nasa jirgin. Malam Shu'aibu ya nuna masa ƙyallen, ya ce a bari a sanar da maƙwabta. Aka ce Baba ya matsa, baƙi na kallo. Iska kuwa ta kwashi jirgin ta tsallakar da shi katanga.

Mutanen unguwa sun saba: jirgin makaranta ba ya zuwa sai da sallama. Wannan da ya zo shiru, to na waye? Wanda ya zauna a Jos ya san abin da irin wannan tambayar ke haifarwa. Shaguna suka fara rufewa, iyaye suka ruga ɗauko yara, samari suka taru a bakin katanga da duwatsu.

Mama Immaculata, mai sayar da abinci a wurin, ta ga komai. Ta ce Malam Shu'aibu shi kaɗai ya fito, hannuwa a sama, yana faɗin, "Salamu alaikum! Daga wajenmu ne, ku yi haƙuri!" Dutse ya same shi a idon hagu. Jini na zuba, bai daina sallama ba, har wata dattijuwa, Hajiya Mariya, ta gane muryar ta ce, "Ku tsaya! Baba Sallama ne."

Unguwa ta lafa. A cikin makaranta ko kiɗa bai tsaya ba.

Idon bai tashi ba. Mai ido ɗaya kuwa ba ya iya auna nisan jirgi a sama, don haka ya ajiye aiki kafin lokacinsa. Ba taro, ba jawabi. Wallahi wannan abin yana ci wa wanda ya sani rai.

Malam Shu'aibu, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba. Kai ne mai tsaron sama, mai rufin asirin tsakar gida. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya saka maka da alheri.

Ifesinachi ce a kujerarsa yanzu, kuma ba jirgin da ke tashi sai ta taka gida-gida. Ku masu jirage, a biki ko a makaranta, ku yi koyi da shi.

Ta ce in ta kai masa ziyara, ba ya tambayar wa ya tuna da shi. Sai dai ya juyo da lafiyayyen idon ya ce, "Ana dai yin sallamar ko?"

Ana yi, Baba. Ƙofarka ce kawai har yau mu sauran ba mu je mun yi ba.