Mukhtar Mai Ɗage Ƙafa

A unguwar Amriguébé in ka ce Mukhtar mahauci sai a tambaye ka wanne, amma kana cewa mai fararen kaya za a nuna maka ƙofar gidansa. Tun yana saurayi yake yanka yana fiɗa, ba a taɓa ganin ɗigon jini a rigarsa ba. Abin da ke ci masa rai ɗaya ne, ya ji an ce mahauta ƙazamai ne. Wannan magana ya ɗaura ɗamarar ƙaryatawa, har sabulu ya fi hatsi saurin ƙarewa a gidansa.

Da ya sayi moto, wato babur, sai ya ƙirƙiro nasa tuƙin na damina. Ƙasar garin nan kuwa kowa ya san halinta, ruwa na taɓa ta sai ta koma baƙin taɓo mai santsi kamar miyar kuɓewa. Mukhtar in ya hango kududdufi sai ya naɗe riga a cinya, ya ɗage ƙafafu biyu ya ɗora a ƙarfen gaba, ya ratsa ruwa yana murmushi. Matarsa Halimatu ta gaji da tuna masa cewa birkin baya a ƙasa yake, ba a sama ba. Shi kuma ya ce wadda ba ta taɓa riƙe kan moto ba ita ce za ta koya masa tuƙi.

Ana nan sai Yahya, ɗan wansa marigayi da ya riƙe tun yana ƙarami, ya ga Fadila, 'yar Alhaji Muttaka mai fataucin atamfa a unguwar Ngueli. Labari ya iso kunnen Mukhtar wai dangin yarinya na ƙunƙunin haɗa zuri'a da mahauta. Ya rantse zai je musu neman auren nan fes, su ga iyakar tsabta.

Ranar tafiyar kuwa aka tashi da ruwa. Sauran dattawa suka cika taksi, suka yi ta kiransa, ya ƙi, wai za a murƙushe masa shadda, ya hau motonsa. Ya kusa isa, daidai inda kwalta ta ƙare, yana tsakiyar ruwa ƙafafu a sama, sai ga mai amalanke ya fito daga lungu. Ƙafa ta lalubi birki, babu. Ya damƙe na hannu, tayar gaba ta zame, moto ya kwanta masa a gwiwar dama. Waɗanda suka ɗaga shi sun ce abin da ya fara tambaya shi ne ko hularsa ta faɗa ruwa.

Alhaji Muttaka ya zo asibiti dubiya da kansa.

"Malam Mukhtar, ni ban taɓa ƙin mahauci ba, naman wa nake ci? Na ba Yahya Fadila. Sharaɗina ɗaya, kada ya ɗauke ta a moto in hadari ya haɗu, tunda na ga inda ya koyi tuƙi."

Aka sha biki. Gwiwa kuma ta warke a miƙe, ba ta lanƙwasuwa, alhali mahauci da durƙuso yake cin abinci.

Ranar sunan ɗan Yahya na fari aka ajiye wa Mukhtar kujera a inuwa, aka ɗauko wani mahauci daga unguwar Chagoua ya yanka ragon. Yana kallo mutumin ya huda fata wajen fiɗa. Ya buɗe baki zai yi gyara, sai ya tuna ba zai iya sauka ya nuna masa ba. Ya sa a kira Halimatu ta kama shi su shiga ciki.