Takun Malama Yalwa

Maccido direba yana zaune a bakin zauren da kwamitin ƙungiyar masu ba da shawara ke taro a Ƙauran Namoda, yana jiran mutanen da ya ɗauko daga Zurmi. Ta taga yake hango wata mata a cikin masu taron. Malama Yalwa suke ce mata. Wai ba ma'aikaciyar kowa ba ce. A gidanta take karɓar waɗanda aka sako daga daji, tana sauraronsu har hankalinsu ya dawo jikinsu.

Siririya ce, cikin hijabi ruwan toka, muryarta kamar ta mai gudun tada mai barci. A bakin-bakin kujera take zaune, tana fuskantar ƙofa. Duk wayar da ta yi ƙara, sai ta runtse ido.

Sai da ta miƙe za ta yi alwala ya lura da tafiyarta. Takunta gajere ne, a jaye, ƙafa ba ta yin nisa da 'yar'uwarta, kamar har yanzu akwai sarƙa a tsakaninsu. Har ji yake kamar ƙarfe na gogar siminti. Ya san wannan tafiyar. Ko matarsa bai taɓa ba labarin sarƙar ba.

Ta zo gifta shi, ta tsaya. Ba fuskarsa take dubawa ba, ƙafafunsa take dubawa, a haɗe ƙarƙashin benci.

"Sannu, Malam," in ji ta a hankali. "Kai wane daji anka kai ka?"