Jinkar Rumbun da Kaka Ba Ta Ƙarasa Ba

Mu 'ya'yan soja ne, rayuwarmu daga wannan bariki sai wancan. Sai Baba ya sami hutu muke zuwa Manga wurin Kaka, mahaifiyarsa. Da an gama tuwon dawa takan tura karan dawa cikin wuta, ta miƙe ƙafafu, ta harare ni.

"Ɗiyar soja, matso nan. Ga ta nan ta sauko daga dutse."

Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Da yarenmu C'lela take yi wa sauran jikoki, amma saboda ni, da ban iya ko gaisuwa ba, sai ta juya Hausa tana mita. Tatsuniya ɗaya nake roƙo kullum. Wata mata ce ɗanta ya tafi farauta bayan dutse bai dawo ba. Kowace yamma sai ta hura wuta a kan dutsen don ya ga hanya. Itace ya ƙare, ta ƙona zana. Ta ƙona turmi, ta ƙona ƙyaure. Sai ya rage jinkar rumbun da irin shukarta yake ciki, ga damina ta kawo kai. In ta ƙona jinkar, ruwa zai lalata irin. In ta bari, wuta za ta mutu.

Nan Kaka take karkaɗe zani. "Sai kun dawo hutu na gaba."

Har kuka na sha yi mata, ko a jikinta. Daga baya aka tura Baba Laberiya, bai dawo ba, zuwanmu Manga ya yi wuya.

Ina aji biyu a kwaleji a Zuru, wajen 2005, ɗakin karatunmu ya shirya makon al'adu. Aka ba ɗalibai aron rikoda da kaset, kowa ya je ƙauyensu ya ɗauko tatsuniya daga bakin tsofaffi, a ajiye a laburare, a kuma faɗa wa 'yan makarantun da aka gayyato. Da rawar jiki na rubuta sunana. Saura kwana uku a yi taron aka aiko cewa Kaka ta faɗi, ɓarin jikinta ya mutu.

Na hau kabu-kabu da rikodar a cinya. Na same ta kwance, ido biyu, baki ya karkace. Na durƙusa na faɗa mata tatsuniyar tun daga farko har inda take tsayawa.

"Kaka, don Allah, ta ƙona ko ba ta ƙona ba? Ko da kai ki nuna mini."

Sai hawaye ke zubo mata. Na bi tsofaffin unguwa gida-gida kamar mahaukaciya, ba wanda ya taɓa jin labarin. Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ta riƙe ni ta ce, "Saratu, bar wahal da kanki. Ita ta ƙirƙiro ta, shekarar da ubanki ya shiga soja. Mu ma ba ta taɓa ƙarasa muna ba."

Ranar taron na tsaya gaban yara da kaset babu komai a ciki. Na fara ba su tatsuniyar, da na kai wurin jinkar na tsaya. Wata yarinya daga Wasagu ta ɗaga hannu. "Anti, to mi ta yi?" Na ce ban sani ba. Kaka ta rasu a makon.

Na daɗe ina jin haushinta, ina ganin rowa ta yi mini. Bara ɗana na fari ya saka kakin soja, aka tura shi daji, wayarsa takan yi wata ba ta shiga. Har yau ban san abin da matar nan ta yi ba. Amma ni kam, da irin da komai, zan ƙona jinkar.