Allura Huɗu a Idona na Hagu

Salamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta komi a nan ba. Wasu sun aiko suna tambaya ko na bar Tama ne, wasu kuma sun ji an ce na makance. Ina nan, kuma ina gani. Ga yadda abin ya kasance.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai yi wa yara allurar rigakafi a ɗakin shan magani na garinmu.

Wata rana, ana cikin girbin hatsi, na ɗaga sirinji zan ja wa wani jariri magani, sai na ga layukan awon da ke jikinsa sun lanƙwashe kamar robar da ta ji wuta. Na canza wani, shi ma haka. Da na rufe idon hagu sai layukan suka miƙe.

Ban gaya wa kowa ba. Na sayi maganin ɗigawa a farmasi, safe da yamma har wata biyu, ina aiki da ido ɗaya a kanne.

Majo, shugaban ɗakinmu, shi ya gane. Ya tsaya a bayana yana kallo ina yi wa wani yaro allura, har uwar ta fita da shi. Sannan ya karɓi sirinjin daga hannuna, ya ce, "Madam, in maganin ya wuce awo ga ɗan wata biyu, mi za mu ce ma uwa tai?" Ya zaunar da ni ya auna mini tansiyo, wato hawan jini, ya sake aunawa, ya rubuta mini takarda zuwa Tawa.

Daga Tawa aka tura ni Yamai. Kafin ranar randebu, wato ranar ganin likita, ta zo, wani duhu kamar hayaƙi ya sauko cikin idon. Likitan ya haska da fitila bai ga abin da yake nema ba, ya ce jini ne ya tare. Sai aka yi mini eko, irin wadda ake yi wa masu ciki, amma a kan fatar ido. Na rufe ido, aka shafa wani abu mai sanyi, aka yi ta zagayawa da kan na'urar.

Ya ce tantanin bayan ido, inda hoto ke sauka, bai ɓalle ba. Amma hawan jini ya toshe wata jijiya a can, wurin ya kumbura. Na nuna masa kwalaben da na ɗiga. Ya ce, "Wannan iyakarsa ƙofar gida. Ciwonki yana ƙuryar ɗaki."

Maganin da zai kai can, allura ce a cikin idon kansa, duk wata.

Na tambaye shi ko babu wata hanya. Ya dafa na'urar eko, ya ce a wasu ƙasashe masu bincike suna gwada yadda irin sautin da take aiki da shi, wanda kunne ba ya ji, zai tura magani ya ratsa farin ido har ya kai baya, ba tare da an huda ba. Amma ana kan gwaji ne, bai iso asibitinsu ba. Ya ce idona ba zai jira su ba.

Maigidana, Malam, yana gefe. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko da zafi. Da na kira Inna a waya na gaya mata, cewa ta yi, "Ke da kin ka huda ɗiyan garin ga duka, ke ka gudun allura?"

Ga yadda ake yi, don kada tsoro ya hana wani zuwa. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a wanke idon, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar a buɗe. A ce ki kalli kusurwar rufi. Sai ki ji kamar an danna da yatsa, ki ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe suna yawo. Ba ya kai minti ɗaya. Wunin ranar kamar an zuba miki yashi, washegari ya wuce.

Hanyar ta fi allurar wuya. Daga Tama zuwa Madawa, sannan wuni guda cikin kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai. Tumakina biyu sun tafi a kai, da rabin albasar Malam.

Bayan allura ta biyu ban ga canji ba. Kowace safiya nakan rufe idon hagu in duba ko na dama ya bi sahu. A hanyar dawowa na ce wa Malam ba zan koma ba. Bai yi gardama ba. Da watan ya zagayo sai na tarar ya riga ya yanko tikiti.

Mako biyu bayan ta uku, ina yi wa autata kitso, na ga tsagar kanta a miƙe da idon hagu. Na ƙarasa kitson, sannan na shiga ɗaki na yi sujada.

Bayan ta huɗu likita ya ce a dakata, in riƙa zuwa duk wata uku, in kuma riƙe maganin tansiyo har iyakar raina. Akwai ɗan tabo da ya rage a gefe, kamar sawun yatsa a madubi. Ya ce mai yiwuwa ba zai tafi ba.

Ranar da na koma aiki, Majo ya sa na ja ruwa a sirinji goma. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo mini makullin firijin magani.

Na gode wa Allah. Na gode wa Malam, da Inna, da Majo da bai ji nauyina ba, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku san ma mene ne ba. Allah ya saka da alheri.

Shawarata kaɗan ce. Lokaci-lokaci ku rufe ido ɗaya ku kalli bakin ƙofa, sannan ku rufe ɗayan. In layin ya karkace ko wani wuri ya dushe, kada ku tsaya ɗige-ɗige, ku nemi likitan ido a makon.

Mata kuma, ku ji wannan. Ni da ke ɗaura wa mutane abin awon tansiyo kullum, kafin ranar da Majo ya auna ni, rabona da a auna nawa tun goyon autata, shekara shida. In kun kawo yaro rigakafi, kafin ku goya shi ku tafi, ku miƙo naku hannun.